Baƙin Tukunya

Gambo ba suna ba ne, kowa ya sani. Duk wanda ya biyo bayan tagwaye haka ake kiransa, kafin ranar bakwai ta zo a yanka rago a raɗa masa na gaskiya. To, Gambo na madafar makarantar kwana ta Birnin Gwari ya doshi shekara talatin a duniya, ranar bakwai ɗinsa ba ta zo ba.

Zabiya ne. An haife shi a zamanin da Turawa ke haƙar zinariya a dajin nan, lokacin ubansa Mu'azu yana helima a kan leburori, uwarsa Furera kuma tana kai abincin sayarwa sansanin ma'aikata. Tagwayen da ta fara haifa ba su daɗe ba suka koma. Da na bayansu ya faɗo fari fat, gashi kamar gemun masara, ungozoma ta ce ikon Allah, tsofaffi suka ce ai an taɓa yin irinsa a dangin uwar Mu'azu. Amma leburori sun fi tsofaffi baki, kuma sun daɗe da jin haushin helimansu. Sai suka riƙa tare shi a bakin rami suna yi masa barka, wai sun ji Bature ya yi masa ƙarin albashi har gida. Mu'azu bai je gaban alƙali ya rantse ba, don ya san ba shi da abin rantsewa a kai. Ragon da ya ɗaure kawai ya kwance ya mayar kasuwa, ranar suna kuma ya aika wa Furera da saki.

Zinariya ta ƙare, Turawan suka naɗe tantinsu, maganar ba ta ƙare ba. Mu'azu ya koma fataucin katako da hatsi, ya sayi babbar mota, ya zama Wakili Mu'azu wanda ba a taro sai an ajiye masa kujera a sahun gaba. Furera ta tare a wani ɗan gida bayan kasuwa tana dafa daddawa. Ba ta ambaton sunansa, in motarsa ta wuce kuma juya baya take yi ta tofar. Ɗanta shi ne duniyarta. Rana ba ta ƙaunar fatarsa, kullum wuyansa da leɓɓansa a fashe suke, don haka duk yamma in ya taso daga aiki sai ta zaunar da shi a tabarma, ta kama haɓarsa ta juya fuskarsa wajen hasken ƙofa, ta shafa masa man kaɗanya. Ya girma bai hana ba.

Shi kuwa Gambo abu ɗaya yake nema a duniya. Yana so mutumin nan ya buɗe baki sau ɗaya ya ce nawa ne, ya raɗa masa suna ko da ba rago, don uwarsa ta ratsa kasuwa ba a bi ta da ido ba. Bai taɓa ganin fuskar Wakili sosai ba, domin idanunsa rawa suke yi, abin da ya wuce tsawon hannu duk hazo ne a wurinsa. Farar riga kawai yake gani tana wucewa a nesa, da ƙamshin turare.

Ana nan sai aka kawo wa makarantar wani sabon malami daga Zariya, Malam Abdulsalam, da tabarau da akwatin littattafai da ciwon son a san shi. A cikin akwatin akwai wani tsohon wasan kwaikwayo na Turawa, wanda ya ce ya girmi kakan kakan kowa a garin. Labarin wani sarkin tsibiri ne da ya rantse zai rataye duk wanda ya kashe masa barewa, ashe alƙalinsa ne ya harbe ta. Malam ya juya shi zuwa Hausa da kansa, ya ƙudura sai an yi shi ranar bikin samun mulkin kai na shekarar 1965, a gaban manyan gari, yadda Turawa ke yi a ƙasarsu, ba ragi ba ƙari.

Ya tara 'yan ajin yaƙi da jahilci da manyan ɗalibai da wasu ma'aikata. Tun da a wasan dusar ƙanƙara na zuba, sai ya sa aka kwance matasan kai, ana hawa bishiya ana watso audugar rimi. Akwai makaho a ciki, ya ba Yero masinja ya runtse ido. Sarkin makafi ya aiko cewa yana da makafi na gaske in ana so, Malam ya mayar masa da amsa cewa makaho ba zai iya kwaikwayon makaho ba, tun da bai taɓa ganin yadda makafi ke tafiya ba. Fadawan sarki kuma duk aka shafe su da farar ƙasa don su zama Turawa. A nan ne aka sami cikas, domin da sun yi gumi sai su koma kamar katangar da ruwan sama ya daka. Sarki kuwa shi ya fi kowa daɗewa a fage, farar ƙasa ba za ta kai shi ko rabi ba.

Wata safiya Malam ya shigo madafa neman ruwan zafi, ya tarar da Gambo a durƙushe yana kankare gindin tukunya. Ya tsaya, ya cire tabarau, ya mayar.

"Ga Bature Allah ya ajiye mana a madafa," in ji shi, "muna ta ɓarnar farar ƙasa."

Gambo ba ya karatu, baƙaƙe gudu suke yi masa a takarda. Sai dai Malam ya karanta masa layi ya maimaita, ya karanta ya maimaita, kuma ba mai saurin ɗauka ba ne. Ya sha zagi a daminar nan, an ce masa kan kabewa, an ce masa Baturen da bai san jirgi ba. Bai damu ba. Yana wanke-wanke yana bita, yana faskare yana yanke wa mutane hukuncin rataya. Aka yi masa kambi na kwali da takardar azurfa ta kwalin sigari. Kalmar Bature da yara ke jifansa da ita tare da tsakuwa tun yana rarrafe, yau ita ce ta ɗora shi a kujera mutane na faɗuwa gabansa. Tun da yake ba a taɓa neman fatarsa don wani amfani ba. Ya ji daɗi, daɗi irin wanda har kunyarsa yake ji.

Furera ba ta so ba. Ta ce masa wanda ake yi wa dariya kyauta, ina dalilin ya hau tudu ya tara mutane? Bai yi mata musu ba, amma bai faɗa mata abin da ke ransa ba. Ya san Wakili zai zauna a sahun gaba, kuma babban mutum ba ya tashi a tsakiyar taro. Ko yana so ko ba ya so, ranar nan sai ya dube shi tun daga fari har ƙarshe.

Ana saura 'yan kwanaki biki sai ga baƙuwa daga Kaduna, wata Baturiya mai suna Susan, matar wani jami'in ilimi, mai son wasan kwaikwayo da jin Hausa kaɗan-kaɗan. Malam ya shirya mata gwaji na musamman. Da aka watso audugar rimi ta yi dariya har tana share hawaye. Da Gambo ya fito da kambinsa sai dariyar ta tsaya, fuskarta ta yi ja har ta fi tasa. Ta ja Malam gefe ta ce zalunci ne a baje kolin mutum saboda lalurarsa. Ta ce kuma mutanen da suka karɓi mulkin ƙasarsu, me zai sa su shafa farar ƙasa su zama wasu? Su ɗauko wasan su dasa shi a dajinsu, sarki ya zama nasu, baƙi kamar kowa. Da za ta tafi ta dafa kafaɗar Gambo ta ce masa sannu, cikin tausayi. Ni dai ban ce muguwa ce ba. Amma garin neman gira ake rasa ido, kuma idon ba nata ba ne. Daga ita har Malam babu wanda ya tambayi Gambo ko ana zaluntarsa.

Malam da maganar Baturiya kamar gishiri ne da ruwa. Kafin wata rana ta fito tsibiri ya koma dajin Kamuku, barewa ta zama gwanki, auduga ta koma cikin matasan kai. Mafarautan sarki aka ce su zama Gwarawa, su ɗauki kaya a kafaɗa su karkace Hausarsu don 'yan gari su sami abin dariya. Andrawus ma'aikacin ɗakin magani, wanda shi Bagwari ne, ya ce in dariya ake nema a nemo ta wani wuri, ya ajiye bakansa ya yi tafiyarsa. Kafin la'asar an maye gurbinsa. Sarki ne ba ya mayuwa. Aka gwada Yero, kwana biyu bai riƙe ko rantsuwar farko ba. Maganganun sarki duk suna cikin kai ɗaya, kan kuma fari ne. Sai Malam ya ce wanda ya iya mayar da baƙi fari ai ba zai kasa mayar da fari baƙi ba.

Abin ya ci wa Gambo rai ƙwarai. Don farinsa aka ɗauko shi, yanzu kuma farin ya koma laifi kamar yadda ya saba. Ya yi niyyar ya ce ya fasa, sai ya tuna kujerar sahun gaba. Da hannunsa ya kankaro baƙin tukunya daga gindin tukwanen makaranta, ya tara a kasko.

Ranar biki da hantsi aka zaunar da shi a kan turmi a bayan madafa. Iya Talatu aka ba aikin shafin, tsohuwar da ke shugabantar girkin makaranta, mutuniyar Dogon Dawa, wadda ta taɓa sayar da abinci a sansanin zinariya tare da Furera. Ta kwaɓa baƙin tukunya da man kaɗanya, ya ƙi zama, yana silalewa. Malam ya ruga ɗakinsa ya kawo gwangwanin baƙin man takalmi ya ce a haɗa, ya koma wajen shirya kujeru. Wannan karon ya kama. Ta shafe goshi da kumatu da haɓa da kunnuwa, ta bi wuya da hannuwa, ta cika masa ido da kwalli har gashin idon ya yi baƙi. Ta naɗa masa rawani ya rufe gashin kai. Ta ja da baya don ta ga aikinta, sai kaskon ya suɓuce daga hannunta.

"Gambo, buɗe bakinka in gani."

Ya yashe haƙora, wushiryarsa ta bayyana. Iya Talatu ta laluba bango ta zauna a ƙasa.

"Wallahi Mu'azu ne," ta ce a hankali. "Mu'azu na sansanin zinariya, ranar da ya zo neman auren uwarka. Goshin nan, hancin nan. Shekara da shekaru kana gabana ban gani ba."

Ta miƙa masa ɗan fasasshen madubinta. Ya kai shi har bakin hancinsa, ya ga wani baƙin mutum mai faɗin goshi yana kallonsa, mutumin da bai sani ba. Ashe shaidar da yake nema tun yana yaro tana manne a ƙashin fuskarsa, fari ne kawai ya hana mutane ganinta.

Iya Talatu ta ce ya bari ta goge masa, a ce wa Malam zazzaɓi ya kama shi. Ta ce ta san Mu'azu tun ba shi da takalmi, kuma babba ba ya son a nuna masa gaskiya a kasuwa. Gambo ya ce ai yau ne ranar bakwai ɗinsa. Ya tashi ya sa rigar sarki.

A filin ƙwallon makaranta aka yi. An yi wa 'yan wasa alkawarin rumfa, amma baƙi suka yi yawa, rumfar ta koma kansu. Ranar ƙarshen damina ce mai ƙuna, ba ko gajimare. Mafarauta suka shiga da kaya a kafaɗa aka yi dariya, Yero ya yi tuntuɓe da idonsa a runtse aka ƙara dariya. Sa'an nan aka buga ganga, sarki ya fito.

Hayaniyar filin ta mutu. Gambo ba ya ganin fuskoki, amma kunnensa ba shi da lalura. Ya ji wata tsohuwa ta yi salati da ƙarfi daga ɓangaren mata. Ya ji raɗa ta tashi daga baya tana tahowa gaba, ana cewa Wakili, ana cewa sak, ana cewa kamar an tsaga kara. Ya karkata kai gefe guda, yadda ya saba yi don ya kare idonsa daga rana, sai filin ya ɗauki wani irin gunaguni, domin haka Wakili ke karkata kai in zai yi magana, shi don ƙasaita. Da ya buɗe baki ya yi rantsuwar farko, ashe har muryar ma ta Wakili ce. Ba wanda ya taɓa lura, don ba wanda ya taɓa jin Gambo ya ɗaga murya.

Ya juya wajen farin hazon da ke tsakiyar sahun gaba, ya yi masa wasan shi kaɗai. Rana ta hau, man takalmi ya ɗau zafi ya fara cin fatarsa. Warinsa ya cika masa hanci, leɓɓansa suka tsage, kwalli ya narke cikin idonsa. Bai yi kuskuren kalma ɗaya ba. A cikin ransa yana ta tunanin sunan da za a ba shi, ya ga kowane ma aka ba shi yana so. Tun da aka haife shi bai taɓa jin daɗi kamar na wannan tsayuwar cikin rana ba.

Abin da bai lura ba shi ne irin dariyar da ake yi. Sarkin wasan wawa ne mai saurin rantsuwa, mai yanke hukunci kafin ya bincika, kuma a filin nan akwai mutane da yawa da Wakili ya taɓa takawa. Duk lokacin da sarki ya karkata kai ya faɗi shirme, sai a dubi rumfa a kece. Dariya ce ta waɗanda suka sami damar zagin babba ba tare da sun buɗe baki ba.

Aka gama, aka yi tafi. Susan, da ta dawo don bikin, ta ɗauki hoto, ta girgiza hannun Malam ta ce ya ga yadda mutumin ya sami mutuncinsa yanzu. Ta shiga mota da murnarta, don hanyar Kaduna da nisa.

Ƙurar motarta ba ta kwanta ba Gambo ya sauko daga fage. Wannan ba ya cikin abin da Malam ya koya masa. Ya ratsa fili har gaban rumfa, ya durƙusa daf da gwiwar Wakili, kusa yadda idonsa zai iya aiki. Ya ɗaga kai ya ga fuskar madubin nan, da furfura da ƙiba.

"Baba," ya ce, "ga ni."

Wakili ya dube shi ya daɗe. Gambo ya ga idonsa yana bin goshin da hancin ɗaya bayan ɗaya. Ya gane, kuma Gambo ya san ya gane. Da su biyu ne a ɗaki wataƙila da labarin ya zama wani. Amma garin duka na tsaye yana jira, kuma in ya ce nawa ne, ya ce ke nan shi ne wawan da ya kori matarsa da jego saboda ba'ar leburori. Ya kawar da kai, ya sa aka kira masa Malam Abdulsalam.

Cikin ruwan sanyi ya tambaye shi wanda ya aiko shi ya zana fuskarsa a kan baran madafa, ya mai da shi sarkin wawaye a gaban baƙi. A shekarun nan siyasa ta yi zafi, ko tari ka yi a gaban babba sai a ce wasu ne suka turo ka, kuma malamin makaranta ba shi da wuyar cirewa. Malam ya fara gumi. In ya ce ba zane ba ne, ya ƙaryata Wakili a bainar jama'a. In ya ce zane ne, ya amsa laifi. Sai ya bi ta tsakiya, ya ce kuskuren shafi ne, ranka ya daɗe, hannun tsohuwa ne ya karkace, kuma ai kama da wane ba ta wane.

"To, madalla," in ji Wakili. "A wanke mu gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Yaran motarsa suka kawo bokitai da sabulun soda da soson da suke wanke mota da shi. A nan tsakiyar fili suka warware rawanin, farin gashin ya fito a kan baƙar fuska, wasu suka fara dariya. Suka tuɓe masa rigar sarki, mutum biyu suka riƙe shi, ɗaya ya hau dirza. Rana ta riga ta gasa man a jikin fata, sabulu bai yi masa komai ba. Suka ɗebo yashi suka haɗa. Da yashi bai isa ba wani ya ce ai man takalmi sai kananzir, aka rugo da kwalba. Gambo ya cije da fari, yana ganin ɗan Wakili bai kamata ya yi kuka a gaban ubansa ba. Da kananzir ya shiga inda yashi ya buɗe, kukan ya fito da kansa. Baƙin ya riƙa fita, fatar kumatu da ta wuya tana biye da shi. Baƙin ruwa ya gangara ta cikin ciyawa ya bi ƙafafun 'yan kallo, suna ɗaga riguna don kada ya ɓata musu kayan biki.

Da suka sake shi ba fari ba ne, ja ne jawur, yana tsatstsafar jini. Sai wani yaro daga baya ya ƙwala, "Bature!" Jama'a suka fashe da dariya, dariyar mutanen da aka sauke wa kaya daga ka. Bakunan da suka ce sak ɗazu su ne suka fi buɗewa.

Wakili ya tambaya ina kamar take. Ya sa aka nemo tsohuwar da ta yi salati, ta ce idonta ya tsufa, rana ce ta ruɗe ta. Ya sa aka kira Iya Talatu. Ta zo ta durƙusa, tana da jikoki a gabanta kuma tuwonsu daga madafar nan yake fitowa. Ta ce ita shafi aka sa ta ta yi, ba ta ga komai ba. Gambo ya ji muryarta, ya fi jin zafinta a kan na kananzir. Wakili ya gyara riga ya miƙe, bai sake duban inda Gambo yake ba. Ya ce wa yaransa su kai wa uwar Gambo kayanta.

Ba sai an kai ba. Furera tana nan tun farkon wasa, a tsaye can baya gindin mangwaro. Ta ratso mutane, ta cire mayafinta ta lulluɓa masa don rana, ta kama hannunsa. Suka bi ta tsakiyar kasuwa aka bi su da ido, fiye da kullum.

A ɗaki ta zaunar da shi a tabarma, ta ɗauko kaskon man kaɗanya. Jikinsa na rawa, amma a ƙarƙashin raɗaɗin akwai wani abu da yake riƙe da shi. Sun musa da baki, amma sun gani. Ko Wakili bai faɗa ba, ba mai sake cewa uwarsa ta ci amanar aure ya yarda da maganar kansa. Yana ganin ko ba komai ya samo mata wannan da fatarsa.

Ta kama haɓarsa kamar yadda ta saba, ta juya fuskarsa wajen hasken ƙofa. Ya jira sanyin man, bai ji ba. Ta daɗe tana kallonsa.

"Inna, kin gani ai," ya ce da fasassun leɓɓa. "Kowa ya gani."

"Na gani."

"Yanzu sun san ba ki yi komai ba."

"Ni na daɗe da sani," ta ce. "Ban taɓa aikenka ka tambayo mini su ba."

Ta ce tun ranar da aka koro ta take gode wa Allah a kan abu ɗaya, da ya ba ta ɗa wanda bai ɗauko komai na mutumin nan ba. Ta ce duk abin da gari zai faɗa, in ta rufe ƙofarta ba ya cikin ɗakin, wannan ne ya riƙe ta har ta tsufa.

"Su sun wanke," in ji ta. "Ni ga shi nan ina kallonsa."

Ta saki haɓar. Ta ajiye kaskon a tabarma kusa da hannunsa, ta ce ya shafa da kansa, wutar daddawarta na mutuwa. Ya ji ta fita, ya ji tana gyara itace a murhu, ta daɗe tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara. Gambo ya laluba ya sami kaskon, ya tsoma yatsa a cikin man, ya rasa ta inda zai fara.